Shaidar Fitila da Shaidar Na'ura a Bakin Rijiya

  

Kowace shekara idan bazara ta tsananta, ruwa ya ja baya a rijiyoyin ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, sai masu gidaje su shiga neman wanda zai yashe musu rijiya ko ya ƙara mata zurfi. A irin wannan lokaci ne a kan ji labarin nan da kowa ya san ƙarshensa tun ba a kai ƙarshen ba. Mutum ya sauka da igiya lafiya lau, aka kira shi bai amsa ba, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma shiru, wani sa'in har na uku ya bi. In an fito da su sai a ga babu rauni a jikinsu, ba su kuwa sha ruwa ba. Nan da nan jama'a su ce iska ce. To, sun yi gaskiya a lafazi, amma sun kuskure a ma'ana, domin iskar da su ke nufi dabam, wadda ta yi kisan dabam.

Samuwar aljannu gaskiya ce, Alƙur'ani ya tabbatar da ita, babu Musulmin da zai yi jayayya. Amma a jingina musu abin da Allah ya sanya wa sanadi bayyananne, wannan kasala ce aka sa mata rigar imani. Iskar da mutane ke shaƙa a sarari gauraye ta ke, kashi 21 cikin 100 ne kurum na cikinta ke riƙe numfashi, shi ne Turawa ke kira oksijin. A gindin rijiya mai zurfi, inda iska ba ta kewayawa, ruɓar ganye da itace da numfashin mai aikin kansa su kan rage wannan kaso, wata iska mai nauyi ta kwanta a madadinsa. Idan ya sauko ƙasa da kashi 10, mutum ya kan suma kafin ya sami zarafin ko girgiza igiya. Wanda ya bi shi kuwa, abin da ya kayar da na farko shi zai tarar yana jiransa.

Masu haƙa rijiya na dā, a nan da sauran ƙasashe, sun san wannan ko da ya ke ba su san sunansa ba. Kafin su sauka su kan zura fitila a kunne, in ta mutu ba mai shiga sai an kaɗa iskar ramin an sāke gwadawa. Hikimar da ke ciki ita ce harshen wuta ya fi mutum saurin gajiya: ya kan mutu tun oksijin yana wajen kashi 16, watau tun mutum yana da sauran ƙarfin hawowa. Saboda haka fitila mai shaida ce adila. Sai dai adalcinta a kan mas'ala guda ne tak, zamanin nan kuwa ya kawo waɗansu mas'aloli biyu da ba ta da ilminsu.

Ta farko hayaƙin inji. Injin ban ruwan nan da manoman rani ke aiki da shi a fadamun Gulbin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, shi ne a kan aro a zura cikin rijiya ko ramin zinariya don ya janye ruwa. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai suna kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuwa ya fi kama ta fiye da yadda ya ke kama oksijin ninki ɗari biyu da wani abu. Ɗan kaɗan daga cikinta ya isa kisa, alhali fitila tana ci sarai ba ta ko lanƙwasa ba. Ita ce dai ke fita daga janareta da aka kunna a zaure aka rufe ƙofa don gudun ɓarawo, ita ce kuma ke tashi daga kaskon garwashin da a ke kwana da shi a ɗaki lokacin hunturu.

Ta biyu ta fi muni, domin a cikinta fitilar da kanta ce ke zama mai laifi. Akwai iska mai kama wuta. Ruɓa a shadda da tsofaffin ramummuka ta kan haifi wadda a ke kira metan, in ta kai tsakanin kashi 5 da 15 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya isa ta fashe. Gas na girki, wanda shagunan sayar da shi suka yawaita a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru cikin Gusau, shi wajen kashi 2 ma ya ishe shi, ga shi ya fi iska nauyi, in ya zurara sai ya bi ƙasa ya kwanta a kwata da rami da ƙarƙashin kanta kamar ruwa. Warin da a ke ji a jikinsa ba nasa ba ne, zuba masa aka yi don a gane shi, hancin wanda ya wuni a shagon kuwa ya riga ya saba. Wanda ya zura fitila a irin wannan wuri don ya gwada, gwajin ne zai halaka shi.

Mutanen Ingila sun sha wannan azaba a ramummukan gawayinsu na ƙasa. A shekarar 1812 wani rami a Felling ya yi bindiga, manya da yara 92 suka mutu. A 1815 wani masani mai suna Humphry Davy ya ƙera fitilar da aka kewaye harshenta da ragar waya mai ƙananan idanu, ragar ta shanye zafin, wuta ba ta ƙetare ta ta kama iskar waje, harshen kuwa in ya tarar da metan sai ya yi wata shuɗiyar hula a kansa, mai duba rami ya gane. Don hayaƙi mai guba kuma suka riƙa shiga da kanari a keji, in ya faɗo su fita, ba su bar wannan al'ada ba sai a 1986. Daga fitilar Davy ɗin nan tunani ya ci gaba har aka kai ga na'urar da wannan shafi ya ke magana a kanta.

Asalin aikinta abu ne da kowa ya sani da hannunsa. Abu biyu in sun haɗu sun sāke kama, su kan saki zafi ko su sha zafi. Juji ya kan yi ɗumi a cikinsa da sanyin asuba saboda ruɓar da ke gudana. Siminti in an kwaɓa shi ya fara kamawa ya kan yi ɗumi. Kabaid na masu walda in ya taɓa ruwa, gwangwanin ya kan yi zafi. Watau zafi alama ce ta cewa wani abu yana faruwa, yawansa kuma yana nuna yawan abin. Masana suka ce, to, in an iya auna zafin nan da ƙididdiga, an iya sanin abin da ido bai gani ba. A wajen 1927 wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya yi wa wani kamfanin mai na Kalifoniya ma'aunin tururin fetur a kan wannan ƙa'ida da zaren filatinam mai zafi. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 ma'aikatar binciken lafiyar ramummuka ta Ingila ta gyara shi ya zama abin da a ke kira felista, wanda har yau shi ne a cikin akasarin ma'aunan gas na hannu.

Ga yadda ya ke. A kan nannaɗe waya ta filatinam wadda ba ta kai gashin kai kauri ba, a lulluɓe ta da wani farin yumɓu har ta zama ɗan ƙwallo da bai wuce ƙwayar gero ba, a shafa masa wani ƙarfe mai suna faladiyam wanda ɗabi'arsa ita ce ya sa gas ya ƙone a jikinsa ba tare da harshen wuta ba. Batir ya kan riƙe ɗan ƙwallon nan da zafi wajen digiri 500. Kusa da shi akwai tagwainsa, girmansu ɗaya, zafinsu ɗaya, amma shi ba a shafa masa kome ba. An haɗa su biyun kamar tafukan sikeli. In rana ta yi zafi ko iska ta yi laima, duka biyun ya shafa, sikeli bai motsa ba. In kuwa gas ya shigo, na farko kaɗai zai ƙona shi ya ƙara zafi, filatinam kuma in ya ƙara zafi lantarki ya kan ƙara wuyar wucewa ta cikinsa, sai sikeli ya rinjaya, na'ura ta rubuta adadi, ta yi ƙara. A kan saita ta ta yi ƙaran tun gas bai wuce kashi ɗaya cikin goma ko cikin biyar na abin da zai iya fashewa ba. An kuma rufe ƙwallayen da wani ƙarfe mai ƙofofi ƙanana, jikan ragar Davy, don kada ita kanta ta tā da gobara. Mai hankali in ya dubi wannan tagwaitaka zai ga hikimar da alƙalai suka daɗe da sani, cewa ba a gane gaskiyar magana sai an sami abin gwada ta da shi.

Akwatin da masu aikin rami ke ratayawa a ƙirji, wanda bai fi tafin hannu ba, galibi shaidu huɗu ne a cikinsa. Ɗaya ne kurum ke aiki da zafi, shi ne na gas mai kama wuta. Sauran ukun, na oksijin da na kabon monoksaid da na iskar shadda mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da wata dabara ta lantarki su ke aiki. Ya kamata mai saye ya san haka, don kada ya sayi mai shaida ɗaya ya zaci ya sayi huɗu. Wanda aka yi don shagon gas ba zai faɗa wa mai yasar rijiya kome ba game da hayaƙin inji.

To, a nan ne maganar ta ke. Karɓar shaidar wannan na'ura wajibi ne a hankalce, bai kuwa saɓa wa tawakkali ba, gama riƙo da sababi yana cikin abin da aka umurta, kuma wanda ya yarda da ma'aunin zafin jiki a asibiti ba shi da hujjar ƙin ɗan'uwansa a bakin rijiya. Amma kowane ɗalibin fiƙihu ya san alƙali ba ya yanke hukunci da shaidar wanda ba a san halinsa ba sai an yi masa tazkiya, watau adilai sun tsaya sun ce sun san shi mai gaskiya ne. Na'urar nan ta fi ɗan Adam bukatar tazkiya, saboda wani aibi da ke gare ta wanda masu sayarwa ba safai su ke faɗa ba. Ɗan ƙwallon nan yana shan guba. Tururin silikon, wanda ke cikin waɗansu mayukan goge kaya da na gashi da abin liƙe tagogi, ya kan rufe fuskarsa. Haka tururin ƙibiritu, haka dalmar da a dā a ke zubawa cikin fetur. In ya sha gubar ba ya kuka, ba ya nuna alamar ciwo. Fitilarsa tana ci, allonsa yana nuna sifiri, sifiri kuwa shi ne kalmar da ya ke faɗa in lafiya lau ne. Bugu da ƙari, da ya ke ƙonawa ne aikinsa, in oksijin ya yi ƙasa da wajen kashi 10 ba ya iya ƙona gas ɗin yadda ya kamata, sai ya faɗi adadin da bai kai gaskiya ba, a daidai wurin da aka fi bukatar gaskiyarsa.

Na'urar da ta mutu a tsaye ta fi rashin na'ura sharri. Wanda ba shi da kome yana sauka da tsoro, tsoron kuwa ya kan sa ya ɗaura igiya a ƙugu ya sa a tsaya masa. Wanda ya dogara ga mai shaidar zur yana sauka da natsuwa. Tazkiyarta ba wuya gare ta ba: akwai 'yar tukunya da aka cika da gas wanda aka san adadinsa, a kan shaƙa wa na'urar kafin a fara aikin yini, in ta yi ƙara ta faɗi adadin an karɓe ta, in ta yi shiru an ajiye ta. Lokaci lokaci kuma a kai ta ga masani ya daidaita ta, bayan 'yan shekaru a sāke ƙwallayen ɗungum. Duk wanda ya kawo wa jama'a akwatin bai kawo 'yar tukunyar ba, rabin amana ya kawo.

Wajibi ne kuma a san iyakarta, mutanen Zamfara sun fi kowa cancantar sanin wannan. A shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, da zazzaɓi da amai da jijjiga, aka yi zaton cizon sauro ko sanƙarau, kafin nan ma agwagin ƙauyukan sun ƙare ba wanda ya kula. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka kai ga gano dalma ce daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Jinin da yawa daga cikin waɗanda suka rage ya wuce 65, wanda shi ne iyakar abin da ma'aunin hannu na likitocin ke iya karantawa. Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013. Da an rataya wa kowane mahaƙi a ƙauyukan nan ma'aunin zafi, da bai ceci yaro ɗaya ba, domin ƙurar dalma ba ta ƙonewa a jikin ƙwallo, ba ta ƙara masa zafi. Ita sai ma'aunin jini, da wata na'ura mai haska ƙasa da haske irin na hoton ƙashi. Wannan yana kama da abin da yara ke karantawa a Ahalari da Ishmawi, cewa a kan duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa don a san ko ya halatta a yi tsarki da shi. Hukuncin daidai ne a babinsa, amma ruwan da ya halatta ga alwala ba lalle ne ya zama lafiyayye ga ciki ba, malaman da suka rubuta littattafan kuwa ba su ce haka ba. Kowane ma'auni da tambayar da aka yi shi domin ta. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ɗage hanin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba na 2024, bayan ta sa shi a 2019, masu komawa ramummuka suna bukatar ma'aunan nan iri biyu, ba ɗaya ba.

Akwai wata mas'ala da ta dace alƙalai da malaman jiha su duba. Hadisi ya zo a Muwaɗɗa da Buhari wanda malamai suka fahimci cewa wanda aka ɗauka aikin rijiya ya halaka a ciki, babu diyyarsa a kan mai rijiyar. Wannan sananne ne. Amma malaman nan dai su ne suka rarrabe tsakanin abin da ya faɗo wa mutum ba da hannun kowa ba, da abin da wani ya jawo da sakaci ko ƙetare iyaka. Mai gidan da ya ce a zura inji cikin rami alhali akwai mutum a ciki, ko mai ramin zinariyar da aka gaya masa hatsarin hayaƙi ya ce aiki ba zai tsaya ba, shin yana cikin kashi na farko ko na biyu? A dā yana iya cewa bai sani ba, ba kuwa hanyar sani. Yanzu da hanyar sani ta samu, uzurin jahilci ya ƙuntata. Jihar da ta ɗauki shari'a tun shekarar 2000 bai kamata ta bar wannan tambaya ba amsa ba.

Wani zai ce, ƙasar da 'yan bindiga suka hana noma a Tsafe da bayan Kwatarkwashi, wa ke da sukunin zancen ɗan ƙwallon filatinam? Amsa ita ce rashin tsaron ne ma ya ƙara bukatar. Mutanen da suka baro ƙauyuka sun cunkushe a garuruwa, rijiyoyin da aka daɗe da rufewa an buɗe su, ɗakin mutum biyu yana kwana da takwas da kaskon wuta a tsakiya, samarin da gona ta gagara sun koma rami. Mutuwar da a ke iya hanawa da abu kaɗan ba ta zama ƙarama don akwai wadda ta fi ta wuyar hanawa.

Ba a ce kowane mai yasar rijiya ya sayi tasa ba, ba zai iya ba. Amma masu sana'ar nan suna da shugabanni, masu sayar da gas suna da ƙungiya, abin bai fi ƙarfin taro ba. Fadar Sarkin Katsinan Gusau da ta 'Yandoton Tsafe da ta Sarkin Fulanin Bunguɗu, in suka yi magana da masu unguwanni cewa kada a shiga rijiya mai zurfi sai an gwada iskarta, maganar za ta fi takardar ofis isa. Ma'aikatar kashe gobara, wadda ita a ke kira bayan abin ya auku, ita ta fi dacewa ta riƙe akwatunan a ara kafin ya auku. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, suna da malaman kimiyya da za su iya riƙe tukwanen gwaji su zama su ne masu tazkiya, su buga wa kowace na'ura ranar da aka duba ta, kamar yadda muhtasibi ke duba mudu da sikeli a kasuwa.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ba ya cin ko kwabo, limamai na iya faɗarsa bayan sallar Juma'a tun bazara ba ta shigo ba. Inji ya tsaya a bakin rijiya nesa da ita, bututunsa kaɗai ya sauka, a kuma juya hayaƙinsa inda iska za ta tafi da shi. Rijiyar da ta daɗe a rufe a buɗe ta ta sha iska, a kaɗa ta kafin kowa ya shiga. Shadda da wurin da a ke zaton gas, kada a gwada su da wuta ko kaɗan. Mai sauka ya sauka da igiya ɗaure a ƙirjinsa, mutum biyu riƙe da ita a sama, domin in ya yi shiru a jawo shi daga nan, ba a aika wani ya bi shi ba.